Motar da Ta Fito da Sunan Ummu Yasir

Hauwa, Nasiru, wannan babin naku ne ku biyu, kuma ina so ku karanta shi a zaune, ba a tsaitsaye ba kamar yadda kuke karanta saƙon waya. Na riga na ba ku labarin yadda muka baro Haɗejia ni da mahaifinku da sunan umara, muka gama ibada, jirgi ya tashi muna kallonsa daga ƙasa. Na ba ku labarin ɗakinmu na farko a unguwar Balad ta Jidda, wanda in maƙwabcin sama ya yi tari sai ƙasa ta zubo mana a tuwo. Waɗannan duk da dariya nake ba da su. Wannan kuwa na daɗe ina kewaye shi, kuma da tsohon maƙwabcinmu Ammi Bakur bai rasu a watan jiya ba, ina jin da na tafi da shi kabari. Ranar da na ce maka, Nasiru, ka shirya mu je gaisuwa, ka dube ni ka ce kai ba ka taka gidan mutanen da suka cinye haƙƙin uwarka. Na shiga ɗaki na zauna a bakin katifa. Kai ka ɗauka tsohon ciwo ne ya taso mini. To kunya ce, kuma ga dalilinta.

A shekarar da nake magana muna zaune a unguwar Mahjar, a hawa na biyu na wani tsohon gida mai matsattsen matakala, ƙofarmu na kallon ƙofar Ummu Yasir, matar Ammi Bakur. Sunanta Fatsuma, amma ba mai kiranta da shi sai ni in ina jin tsokana. Kakanta ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Kano ya yi shekaru a hanya, ita kuwa a Jidda aka haife ta, a Jidda aka haifi uwarta, katinta na 'yar ƙasa na cikin jaka kamar na kowa. Hausarta irin ta tsofaffi ce, ta ɗauko magana da Hausa ta ƙarasa da Larabci, in na yi mata dariya ta ce ai ni ma in ina Larabci kamar ana jan buhu ne a kan tsakuwa. Ni kuwa ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mini, ba ni da komai sai tandar masa da bakina. Kun san ma'anar wannan, don a cikinsa kuka tashi. Ba ka kama haya da sunanka, ba ka sayen layin waya da sunanka, in ka hango motar kame sai ka zama bango. Duk abin da ke bukatar suna a ɗakinmu, sunan Ummu Yasir ne. Ranar da zazzaɓi ya kama ki, Hauwa, har kina sambatu, ita ta saɓa ki a kafaɗa ta san ƙofar likitan da za ta ƙwanƙwasa, ni ina biye ina kuka kawai. Kuma kowace la'asar takan dafa shayi da na'ana'a, ta tsallako ta bugi ƙofata da gindin cokali sau uku, mu baje a falonta mu yi ta gulmar unguwa har a kira magariba.

Akwai wani babban kanti a bakin titi da muke zuwa sayayya. Gab da azumi sukan kawo sabuwar mota su ajiye a bakin ƙofa, a ɗaura mata jan ƙyalle kamar amarya, a kafa akwatin gilashi kusa da ita. Duk wanda ya yi sayayyar riyal ɗari sai a ba shi wata 'yar takarda da suke kira kubon, ya rubuta sunansa da lambar katinsa da lambar waya ya jefa, bayan salla a juya akwatin a zaro. Wani ya sami dutsen guga, wani tukunyar lantarki, mutum ɗaya ya tafi da motar. Da farko mahaifinku ya ce caca ce, ya hana ni ko taɓa takardar. Sai da ya tambayi limamin masallacinmu, shi kuma ya ce masa in abin da dama za ka saya ne ka saya, ba ka ƙara ko sisi don takardar ba, shi dai bai ga laifi ba. Ni kuwa shinkafar masa da mai da sukari dole ne in saye su, kuma a azumi buhu-buhu nake ɗauka, don haka kubon har ya fi ƙarfin hannuna.

Sai dai mara takarda ba shi da lambar da zai rubuta. Don haka matan unguwarmu suka yi wa kansu al'ada: wadda ba ta da kati ta rubuta sunan mai kati, da saninta. In tukunya ta fito, mai sunan ta je ta karɓo ta kawo wa mai sayayyar, ita kuma ta aika mata da abin da aka fara dafawa a ciki, shi ke nan an rabu lafiya. Dokar tukunya ke nan. Ba wadda ta taɓa yin dokar mota, don ba wadda ta taɓa zaton mota za ta san hanyar Mahjar. Ni da Ummu Yasir tare muke zuwa. Ni boko na ɗan yi, rubutun Larabci kuwa kafin in zana harafi biyu mai gadi ya fara kallona, kallon mai gadi kuma ba abin so ba ne ga irinmu. Saboda haka ita ke cike duka, nata da nawa, da hannu ɗaya da suna ɗaya. Ta jefa nata, ta miƙo mini nawa in ninke in jefa da bisimilla. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, kafin in ninke kowane, sai na sa farce na gutsure kusurwarsa ɗaya, ɗan mitsitsi. Kada ku tambaye ni dalili, don dalilin ba mai kyau ba ne. Matar da ke ara mini sunanta kyauta, ni ina yi mata alama a ɓoye don kada wata rana ta cuce ni a tukunya. A waccan shekarar na jefa talatin da wani abu, ita kuwa biyu rak, don Ammi Bakur a kasuwa yake yo musu cefane.

Kwana huɗu bayan salla, da hantsi, ina kan tanda, na ji bugun cokali a ƙofa ba lokacinsa ba. Na buɗe na gan ta ko mayafi ba ta yafa daidai ba.

"Asabe, sauke tandar nan."

"In sauke in ci me?"

"Ya ukhti, ki sauke na ce. Sun bugo waya. Motar ce ta fito."

Na tsaya da tsinken juya masa a hannu har ta ƙone, ban ji ƙauri ba. Kafin azahar matakalarmu ta cika da mata, kowa na cewa motar Asabe, motar Asabe, don duk unguwa an san wadda ke ɗaukar buhu da wadda ke sayen sabulu. Ni ma haka na ɗauka, wallahi, ko kokwanto ban yi ba. Na yi guɗa, na raba sauran masar sadaka, na ce wa wata da muka taɓa faɗa a kan famfo ta shirya zan kai ta bakin teku ta sha iska. Ku ji fa, ni da ko keke ban iya ba. Da mahaifinku ya dawo daga kasuwar kayan miya inda yake dako, ya wanke ƙafa ya zauna ya ji labari, bai yi murna irin tawa ba. Idonsa na kan tabarma ya yi magana.

"Asabe, in Allah ya tabbatar, fili za mu saya a gida mu sa bulo. Na gaji da tunanin ranar da za a kama mu a sauke mu a Kano da yara biyu, ba mu da ƙofar da za mu nufa."

Ban taɓa jin ya faɗi tsoronsa a fili ba sai ranar. Shekara goma sha ɗaya yana fita kullum bai san ko zai dawo ba, ashe abin na cin sa, ni ina ganin kamar ya saba. Daga wannan magana motar ta daina zama mota a idona, ta koma gida mai ɗaki uku da rijiya.

Ranar karɓa aka ce mai suna ta zo da katinta, ofis ɗin yana saman kantin. Muka tafi mu huɗu, ita da Ammi Bakur da babban ɗansu Yasir, sai ni a baya na rufe fuska, in an tambaya a ce 'yar rakiya ce. Ma'aikacin ya karɓi katin ya duba fuskarta, ya jawo wata takarda ya ajiye a gabanta don ta sa hannu. A saman takardar an maƙala kubon ɗin da aka zaro. Na matso na leƙa ta kan kafaɗarta, ina son in ga ɗan gutsuren nan nawa in yi masa murmushi. Kusurwa huɗu na gani, duk lafiya lau. Na ƙifta ido na sake dubawa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ba inda farce ya taɓa. Cikin biyun nan nata ne aka zaro.

'Ya'yana, a nan ne ya kamata in buɗe baki. Kalma nawa ce? Ummu Yasir, taki ce, Allah ya sanya alheri. Da an yi mini dariya kwana biyu a unguwa, a manta. Amma na tuna fuskar mahaifinku a kan tabarma, na tuna guɗar da na yi, na tuna kuma cewa in na faɗa sai na faɗi yadda aka yi na sani, wato sai na ce mata shekara da shekaru ina yi mata alama kamar ɓarauniya. Sai na ja bakina na koma baya. Aka miƙa mata wani ƙaton makulli na kwali aka ɗauki hoto, ni na raɓe bayan ginshiƙi don kada in fito a ciki. Da muka sauko, Yasir ya buɗe motar ya zauna, ya shafa sitiyari, ya sunkuya yana shaƙar ƙamshin ledar kujeru. Shekararsa ashirin da huɗu lokacin, yana tsaron shagon wani a kan albashin da bai kai ya kawo ba, an kuma yi masa baiko, iyayen yarinyar na jiran ya sami abin yi na kansa. Da mota a hannunsa, da ya fara ɗaukar fasinja a satin nan.

Rigimar gidansu daga cikin ɗakinmu na ji ta, washegari bayan la'asar. Ammi Bakur tsohon ma'aikacin tashar jiragen ruwa ne, muryarsa ta saba da ƙarar inji, ko salati yake sai an ji a ƙasa. Amma ba mugu ba ne, ku riƙe wannan.

"Sunan wa ke jikin takardar? Katin wa aka duba?"

"Sunana ne, ya Bakur, amma sayayyarta ce."

"Wa ya ce miki? Ke ma ai kin jefa."

"Biyu na jefa. Ita talatin da wani abu."

"To a raba biyu. Ki dubi ɗanki."

"Na dube shi. Ban ara mata sunana don in ci rabi ba. Halas, magana ta ƙare."

Ina tsaye bayan ƙofata da ludayi a hannu, na ji komai. Taku uku ne tsakanin ƙofata da tasu, ban yi takun ba. Bayan kwana biyu shi da kansa ya yi sallama a bakin ƙofarmu, mahaifinku ba ya nan, don haka bai shigo ba. Ya tsaya nesa kaɗan, ya kawar da kai gefe yadda ya saba, ya rage murya iyakar yadda zai iya.

"Ummu Nasir, ba faɗa na zo yi ba. Tsakaninki da Allah, akwai wata hanya da za a gane takardar wace ce aka zaro?"

"Allah kaɗai ya sani, Ammi."

Ya gyaɗa kai ya ce haka ne, ya juya ya tafi yana jan takalmi. Na yi ƙarya da dama a rayuwata, irin wadda mara takarda ke yi don ya kwana a ɗakinsa, ban kuma ce ina alfahari da su ba. Amma wannan ita ce babba, kuma da sunan Allah na rufe ta.

Sau ɗaya Yasir ya tuƙa motar nan, ranar da ya kai ta kasuwar motoci aka sayar. Da yamma Ummu Yasir ta shigo da tukunya a rufe kamar ta kawo mini abinci, ta tura ƙofa da ƙafa, ta buɗe murfin. Kuɗin ne gaba ɗaya, ko na man da aka zuba ba ta cire ba. Ta kama hannuna ta ce kada in gaya wa kowa, ko ku, don mace mara iƙama in aka san da kuɗi a ɗakinta, ɓarawo zai zo ya san ba ta da inda za ta kai ƙara. Ta ce ita ma ba za ta faɗa ba, mutane su yi ta zato. Haka muka riƙa aikawa gida kaɗan-kaɗan ta hannun alhazai masu komawa, baffanku ya sayi fili ya sa gini. Hauwa, gidan da kike ciki yau da mijinki da 'ya'yanki, wanda kike gaya wa baƙi cewa masar uwarki ce ta gina shi, ba masa ba ce. Masa ta ciyar da ku, ta yi muku sutura, amma ko katanga ba ta tayar ba.

Kun ga na sami abin da nake so. Abin da ban yi tsammani ba shi ne shayi ya gagare ni. La'asar na yi, cokali zai bugi ƙofa sau uku, ni kuwa in hau neman uzuri. Yau in ce kaina ke ciwo, gobe in ce ban kai niƙa ba, jibi in yi shiru kamar ba na nan alhali tana jin motsinku. In na daure na shiga, sai ta zuba mini ta ce yaya gini, an kai linta? Tana murna tsakani da Allah, ni kuwa kofin na ƙona mini hannu. Yasir in ya gamu da ni a matakala da tukunyar gas, sai ya karɓa ya saɓa ya kira ni Khala, wato inna, ya ce, ki bari mana, ina amfanina? Aurensa ya yi ta ja har iyayen yarinyar suka gaji suka mayar da kaya. Ranar da na ji, na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka mai isata, na fito na ci gaba da dama ƙullu. Daga nan na tasa mahaifinku a gaba, na ce haya ta fi sauƙi a Waziriyya, na ce matakalar nan na kashe mini gwiwa, na ce famfo, na ce zafi, har ya gaji ya nemo mana ɗaki. Ranar tashi ta taya ni ɗaure kaya, ta ba ni butar shayinta ƙarama, ta ce ba nisa ai, za mu riƙa zuwa. Ta zo sau uku. Ni ban koma ko sau ɗaya ba.

Matan unguwa kuma ba sa barin abu a ƙasa. Suka haɗa da kansu: mota ta ɓace, Asabe na nan kan tanda kamar jiya, ta daina shiga gidan, ga shi ta tashi. To me ya rage? An cinye ta. Da suka zo mini da maganar a wajen wani suna, suna jiran in ce e ko a'a, sai na sunkuyar da kai na ce su bar zancen, na bar wa Allah. Kun san abin da wannan kalma ke nufi a bakin mace. Da na fito na ce ta cuce ni, da ma ya fi sauƙi, don da an nemi hujja. Haka maganar ta bi gari, ta shiga kunnenku kuna yara, kuka girma da ita, ni ina ji ina gani. Mahaifinku ya san an ba mu kuɗin, ya taɓa tsawata wa wani a kan maganar, amma alƙawarin rufe baki ya ɗaure shi. Sau ɗaya ya tambaye ni me ya shiga tsakanina da Fatsuma, na ce sha'anin mata ne. Ya rasu bai san zancen kusurwa ba. Shekara goma sha biyar ke nan ina ɗauke da shi ni kaɗai, ko a zatona ni kaɗai.

To ranar da ka ƙi raka ni, Nasiru, ban je ba ni ma. Sai rana ta uku na sa abaya na tari tasi ni kaɗai. Matakalar na nan yadda na bar ta, sai dai yanzu da gaske take kashe mini gwiwa. Na zauna can ƙarshen falo cikin mata, ban buɗe fuska ba, har aka yi la'asar aka fara watsewa. Tana zaune a kusurwarta ta da, ta rame, ciwon sukari ya cinye mata ido, sai an zo dab take ganin inuwa. Da falon ya rage daga ni sai ita, na tashi na nufe ta. Ban kai ba ta ɗago kai.

"Asabe ce? Takunki bai sake ba, kamar mai kashe kyankyaso."

Na durƙusa na yi mata gaisuwa, ta amsa. Sannan na ce ina da magana, ta yi haƙuri ta bar ni in kai ƙarshe kafin ta kore ni. Na faɗa mata duka, farcen, da kusurwa huɗun, da amsar da na ba mijinta a bakin ƙofa, da na bar wa Allah da na ce a gidan suna. Ban rage komai ba. Tana jan carbi tana saurare, fuskarta ba ta motsa ba. Da na gama ta ajiye carbin a cinya.

"Ya Asabe, ni da nake cike takardun nan ina miƙa miki, kina tsammani ban ga farcenki ba? Tun shekarar farko na gani. Dariya ma na yi, na ce wannan mata da wayon tsiya take."

Na ɗago na dube ta, ta ci gaba.

"Ranar ofis, kafin ki leƙo ta kafaɗata na riga na duba. Na san tawa ce."

"To don me, Fatsuma?"

"Ni in na mutu, nan za a sa ni kusa da uwata. Ke in aka kama ki fa, da yara biyu? Da na ce kyauta ce, Bakur ba zai yarda ba, ke ma da girman kanki ba za ki karɓa ba. Sai na bar ki da wayonki."

Na tambaye ta ko Ammi Bakur ya sani. Ta ce bayan shekara ɗaya ta gaya masa, shi da Yasir. Ya yi kwana uku ba ya cin abincinta, a na huɗu ya ce to Allah ya sa wa ginin albarka, miƙo tuwon. Ta ce amsar da na ba shi a bakin ƙofa kuwa ya yafe tun kafin ya kwanta ciwo, ya ce in na zo shi da kansa zai gaya mini, don kada in yi ta ɗaukar kaya a banza.

"Ya jira ki, Asabe. Kowace salla sai ya ce, wataƙila bana."

Wannan ita ce maganar da ta karya ni. Na kifa kaina a gwiwarta, ni mai jikoki, ina kuka kamar an yi mini duka. Ta bar ni na yi, tana dafa mini kai. Da na lafa na ce mata maganar mutane fa, shekara goma sha biyar ana kiranta macuciya saboda ni. Ta ce ba za ta yi ƙarya ba, ta yi mata zafi, har akwai gidajen biki da ta daina zuwa. Amma ta ce ba shi ne ya fi ba.

"Mota ni na ba ki, ban yi da-na-sani ba. Abin da ban ba ki ba kika ɗauka, shi ne la'asar ɗina. Wata uku bayan tashinki ina dafa shayin mutum biyu."

Ga gaskiyar ke nan, ba ƙari ba ragi. Hauwa, duk wanda kika taɓa gaya wa tsohon labarin a Haɗejia, ki bi shi ki warware, ko da kunya, ai ba ta kai tawa ba. Ki kuma gaya wa 'ya'yanki sunan matar da suke kwana ƙarƙashin rufinta. Kai kuma Nasiru, ranar Juma'a bayan an sauko za ka raka ni Mahjar. Yasir ne zai buɗe ƙofa, yanzu da furfura a gemunsa da 'ya'ya huɗu, kai za ka fara miƙa masa hannu, kuma za ka yi gaisuwar mahaifinsa yadda ake yi wa uba. Ba shawara nake ba ka ba.

Ni dai yanzu Litinin da Alhamis can nake yin la'asar. Ni ke dafa shayin, don idonta ba ya ganin wuta, a butar nan ƙarama da ta ba ni ranar tashi, wadda ban taɓa ɗora ta a murhu ba sai bana. Ba ta sake tayar da zancen mota ba. Sai dai duk lokacin da na miƙa mata kofi, takan bi bakinsa da yatsa a hankali har ta zagayo, in na ce me kike nema, ta ce dubawa take ko na gutsure.